Sakaci da Gangan: Hukuncin Wofintar da Masu Rauni a Gidajen Kula na Ingila da Wales

A dokar Ingila da Wales, yin sakaci da baligi mai rauni laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari har shekara 5, ko da wanda aka yi wa sakacin bai mutu ba. Idan kuwa rai ya salwanta, tuhumar na iya rikiɗewa ta zama kisa ba da niyya ba, wanda iyakar hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Baligi mai rauni shi ne wanda ya kai shekara 18, amma tsufa ko ciwo ko naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi kula da kansa ko kare kansa daga cuta. A Ingila kaɗai, sama da mutum 350,000 ne ke zaune a gidajen kula na dindindin. Mafi yawansu tsofaffi ne, kuma akasarinsu na fama da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani. Yawancin gidajen mallakar kamfanoni masu zaman kansu ne. Kuɗin zaman kuwa ƙananan hukumomi ke biya, ko shi mazaunin da iyalinsa.

Abin da dokar ke hukuntawa ba kasafai yake zuwa da hayaniya ba. Tsohuwar da ba ta iya motsa jikinta a gado, dole a riƙa juya ta duk bayan awa 2 zuwa 4, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar tsarin kulawarta. Idan aka bar ta a gefe guda, nauyin jikinta kan danne fatar ƙugu ko ta dunduniya a jikin katifa har jini ya daina isa wurin. Da farko fatar kan yi ja, jan da ba ya washewa ko an danna da yatsa. Daga nan ta saluɓe, ta zama gyambo. A mataki na huɗu, wanda shi ne mafi muni, ramin kan ci tsoka har ya tarar da ƙashi, ya yi ɗoyi, ƙwayoyin cuta su bi jini. Duk wannan ba tare da wani ya ɗaga mata hannu ba. Haka ma ruwan sha. Ana iya ajiye mata kofi cike a kan teburin gefen gado, ɗan gaba kaɗan da inda hannunta ke kaiwa, a dawo da yamma a ɗauke shi yadda aka kawo shi. Akwai takardar da ma'aikaci ke sa wa hannu duk sanda ya juya ta ko ya shayar da ita. Takardar na iya cika tsaf, layi bayan layi, alhali tun farkon dare ba wanda ya leƙa ɗakin.

Asalin nauyin kulawa

Tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila ita ce ana kama mutum da abin da ya aikata, ba a kama shi da abin da ya bari. Wanda ya ga baƙo na nutsewa a kogi ya wuce abinsa, ya yi abin kunya, amma bai karya doka ba. Barin abu yana zama laifi ne idan akwai nauyi a wuyan mutum, ko ta hanyar kwangilar aiki, ko dangantaka, ko don shi da kansa ya ɗauki ɗawainiyar wani.

Shari'ar Instan ta 1893 na cikin waɗanda suka kafa wannan tushe. Wata mata ce ke zaune a gidan gwaggonta tsohuwa, tana ci daga aljihunta. Ƙafar tsohuwar ta ruɓe, ta kasa tashi. Matar ta ci gaba da karɓar abincin da ake kawowa gidan tana cinyewa, ba ta ba gwaggon ba, ba ta kira likita ba, ba ta gaya wa maƙwabta ba, har tsohuwar ta cika. Kotu ta same ta da laifin kisa ba da niyya ba. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da irin wannan hukunci a shari'ar Stone da Dobinson, wasu mutum biyu masu ƙarancin wayewa da suka sauki 'yar'uwar namijin a gidansu. Matar na da lalurar ƙin cin abinci. Sun ɗan taɓuka a farko, sannan suka saki, aka same ta a mace cikin ƙazanta da gyambunan kwanciya. Kotu ta ce tun da sun fara ɗaukar nauyinta, ba su da damar janye hannu su yi shiru. A 1994 kuma, a shari'ar Adomako, wani likitan sa barci da bai lura bututun numfashi ya cire ba ana tsakiyar tiyatar ido, aka shimfiɗa ma'aunin da ake amfani da shi har yau: akwai nauyi, an tauye shi, tauyewar ce ta jawo mutuwa, kuma munin sakacin ya kai a kira shi laifi.

Ma'aikacin gidan kula ba ya da ta cewa game da nauyi, domin aikin da aka ɗauke shi ke nan. Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗi na uku. Mazaunin gidan kula yawanci ya haura 80, ga ciwon zuciya, ga ciwon sukari, ga huhu ya yi rauni. Idan ya rasu da gyambo a bayansa, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai tambayi likita ko zai iya rantsuwa cewa gyambon ne ya kashe shi. Sau da yawa likita mai gaskiya ba zai iya ba. Masu taya alƙali yanke hukunci kuwa, su goma sha biyu, an umarce su kada su kama mutum da laifi sai sun sakankance. Shi ya sa aka ga buƙatar laifin da zai tsaya a kan sakacin kansa, ba sai an jira gawa ba.

An gina wannan laifi ne guntu-guntu. Sashe na 127 na Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 1983 ya haramta wa ma'aikatan asibiti da na gidajen kula muzgunawa ko yin sakaci da gangan ga wanda ake yi wa maganin taɓin hankali. Hukuncinsa a da shekara 2 ne, gyaran 2007 ya ɗaga shi zuwa 5. Sashe na 44 na Dokar Ikon Yanke Shawara ta 2005, wanda ya fara aiki a 2007, ya faɗaɗa kariyar zuwa duk wanda hankalinsa bai kai ya yanke wa kansa shawara ba, kamar mai gigin tsufa, shi ma da ɗaurin shekara 5. Sai dai an bar giɓi babba. A ce tsofaffi biyu ne a ɗakuna maƙwabta, ma'aikaci guda ya bar su cikin fitsari dare guda. Ɗaya gigin tsufa ya ci ƙarfinsa, ɗayan kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi amma hankalinsa garau. Ana iya gurfanar da ma'aikacin saboda na farko. Na biyun, wanda ya san duk abin da ake yi masa, yana jin sanyin zanin gadon da kunyar halin da yake ciki, doka ba ta tanadar masa wannan kariya ba sai a 2015.

Ma'anar yin abu da gangan

Kalma guda ce, wato ganganci, ke ɗauke da nauyin waɗannan sassa duka, wadda ke bambanta sakacin da ake ɗaure mutum a kansa da wanda ake yi masa faɗa ko a sallame shi daga aiki. Hausa na da kalmomin da suka raba matakan sarai: akwai kuskure, akwai sakaci, akwai halin ko-in-kula, akwai yin abu da gangan. Dokar ta ɗauki biyun ƙarshe ta bar biyun farko.

Fassarar ta samo asali ne daga shari'ar Sheppard ta 1980, wadda ma ba ta tsofaffi ba ce. Iyaye ne matasa masu ƙarancin fahimta, ɗansu ɗan wata 16 ya mutu saboda yunwa da sanyi, ba su kai shi asibiti ba. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ce bai isa a nuna cewa mai hankali da ya gane yaron na cikin haɗari ba. Sai an nuna ko dai iyayen sun san akwai haɗari suka ƙyale, ko kuma rashin saninsu ya samo asali ne daga rashin damuwa da halin da yaron ke ciki. Wato abin da ake bincika shi ne zuciyar wanda ake tuhuma a lokacin da abin ya faru.

Shari'u biyu na 2013 sun nuna iyakokin wannan ma'auni a gidajen kula. A ta Turbill da Broadway, an wayi gari an tarar da wani tsoho mai gigin tsufa a ƙasan ɗakinsa, ba a kwantar da shi ba, ba a kuma duba shi yadda ya kamata cikin dare ba. An sami ma'aikata biyu da laifi, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, domin alƙalin farko ya yi wa masu taya shi bayani ta yadda za su ɗauka rashin kula, ko da mai tsanani ne, ya wadatar. A ta Patel kuwa, wata nas ce ke bakin aiki wani mazauni ya daina numfashi. Ta kira motar asibiti, amma ba ta danna masa ƙirji don farfaɗo da zuciyarsa ba, alhali babu wata takarda da ta hana a yi masa hakan. Ta ce ruɗewa ta yi. Binciken gawa ya nuna da wuya dannawar ta cece shi. Duk da haka kotu ta tabbatar da laifinta, ta ce ta san abin da ya wajaba a kanta ta ƙi yi, ruɗewa ba uzuri ba ce, kuma laifin ya cika ko da sakamakon ba zai sauya ba.

Akwai hikima a wannan tsauri na hujja. Aikin kula aiki ne na ɗan'adam mai gajiya, kuma da za a ce kowace mantuwa tana kai mutum kurkuku, ba wanda zai yarda ya yi shi, waɗanda ke ciki kuma za su koma ɓoye kurakuransu. Amma ma'aunin na da wata illa da ba a cika faɗa ba. Yana neman zuciya guda da za a leƙa, mutum guda da ya sani ya ƙyale. Gyambon da ya kai ƙashi kuwa ba a dare ɗaya yake samuwa ba. Hannu ashirin ne suka wuce ta kansa cikin makonni, kowa ya bar ɗan abu kaɗan, kowa na da dalilinsa: ƙararrawa na kira a wani ɗakin, abokin aiki bai zo ba, na'urar ɗaga majiyyaci sai mutum biyu kuma shi kaɗai ne a benen. Wanda ya yanke shawarar cewa mutum biyu sun isa su kwana da mazauna talatin yana can a ofis, wataƙila a wani gari, bai taɓa ganin bayan tsohuwar ba.

Abubuwan da suka tilasta gyara

A ranar 31 ga Mayun 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna hotunan da wani ɗan jarida ya ɗauka a ɓoye a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol da ke ajiye masu tawayar fahimta da masu lalurar otizim. An ga ma'aikata na marin majiyyata, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi. Kafin nan wani babban nas na wurin, Terry Bryan, ya kai ƙorafi ga shugabanninsa da hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci da gidajen kula, ba wanda ya saurare shi. Kamfanin Castlebeck na karɓar kimanin fam 3,500 a mako kan kowane majiyyaci daga baitulmali. Ma'aikata 11 suka amsa laifi a ƙarƙashin dokar 1983. A Oktoban 2012 aka ɗaure shida, mafi tsawo shekara 2, biyar kuma aka yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin ba.

Lamarin Orchid View ya fi kama da sakaci tsantsa. Gida ne a West Sussex na kamfanin Southern Cross, wanda kafin durƙushewarsa a 2011 ke riƙe da gidaje kusan 750. Wata ma'aikaciyar ofis ce ta kira 'yan sanda, bayan da aka sa ta ta yayyaga takardun magani na wata tsohuwa da aka yi ta ɗura wa maganin tsinka jini fiye da ƙima. A Oktoban 2013 mai binciken musabbabin mutuwa, Penelope Schofield, ta duba rasuwar mutum 19, ta yanke cewa sakaci na da hannu a biyar. An kama wasu ma'aikata, masu gabatar da ƙara suka ce hujja ba ta isa ba, ba wanda ya tsaya gaban alƙali.

Abin da ya girgiza gwamnati ƙwarai kuwa a asibitin gwamnati ya faru, a Stafford, tsakanin 2005 da 2009, inda aka riƙa barin majiyyata cikin ƙazantarsu, abinci da ruwa nesa da hannunsu, shugabanni na can suna fafutukar rage kashe kuɗi. Rahoton lauya Robert Francis na Fabrairun 2013 ya zo da shawarwari 290. A Agustan shekarar, kwamitin da likitan nan ɗan Amurka Don Berwick ya jagoranta ya ba da shawarar a ƙirƙiri laifin sakaci da gangan da zai kare kowane majiyyaci, tare da jan kunne cewa kada a taɓa wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya.

Daga nan aka sami sassa na 20 zuwa 25 na Dokar Shari'ar Laifuka da Kotuna ta 2015, waɗanda suka fara aiki ranar 13 ga Afrilu. Sashe na 20 ya shafi duk wanda ake biya don ya kula da wani, daga mai wankan tsofaffi zuwa likita, har da manajan da ke sa musu ido. Ba ruwansa da ko hankalin wanda aka cuta garau yake ko a'a, ba ya kuma buƙatar a nuna an ji ciwo. Hukuncinsa a babbar kotun laifuka ya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyu. Ɗan'uwan da ke jinyar nasa a gida ba don albashi ba ba ya cikin wannan sashe. Scotland ta yi tata dokar mai kama da wannan a 2016.

Sashe na 21 shi ne sabon abu, domin kamfanin kansa ya nufa. Sai an tabbatar da abu uku: wani ma'aikaci ya muzguna ko ya yi sakaci da gangan, yadda kamfanin ke tafiyar da harkokinsa ya zama mummunan tauye nauyin da ke kansa, kuma ba don haka ba da abin bai faru ba ko da wuya ya faru. Ba a ɗaure kamfani, saboda haka hukuncin tara ce da ba ta da iyaka, da umarnin gyara tsarin aiki, da umarnin kamfanin ya shelanta wa jama'a laifinsa da bakinsa. A kasuwar da iyalai ke zaɓar gida bisa sunansa, wannan na ƙarshe ba ƙaramin horo ba ne. Sai dai sharaɗin farko ya mayar da hannun agogo baya, tun da dole a fara samo ma'aikacin da ya yi da gangan kafin a taɓa kamfani. Gidan da kowa ke iya ƙoƙarinsa amma hannaye suka yi kaɗan na iya kuɓucewa. Shari'un da aka yi da wannan sashe ba su da yawa.

Akwai wasu hanyoyi biyu na kai wa ga masu gida. Dokar kisan da kamfani ya jawo, ta 2007, ta ba da damar a kama kamfani idan gazawar manyan shugabanninsa ce ta kai ga mutuwa. Karo na farko da aka yi amfani da ita kan gidan kula shi ne a Fabrairun 2016 a Nottingham, kan kamfanin Sherwood Rise mai gidan Autumn Grange. Wata dattijuwa 'yar shekara 86 mai gigin tsufa ta yi ƙasa da wata biyu a gidan. Da aka fito da ita nauyinta bai wuce kilo 25 ba, ga ƙishirwa, ga gyambo a gadon bayanta, ta rasu a Nuwamban 2012. An ci tarar kamfanin, aka kuma ɗaure wani daraktansa shekara 3 da wata 2 bayan ya amsa laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci. Abin lura shi ne ƙaramin kamfani ne, darakta na shiga gidan yana fita. A kamfani mai gidaje ɗaruruwa, tsakanin gadon majiyyaci da teburin shugabanni akwai matakala da yawa da hujja ke ɓacewa a cikinsu.

Hanya ta biyu ita ce ta CQC. Tun Afrilun 2015 ƙa'idojin da aka kafa a 2014 sun ba ta ikon kai gida ko manajansa kotu kai tsaye, ba sai ta fara ba da gargaɗi ba, idan rashin kulawa mai aminci ko rashin ci da sha ya jawo cutar da za a iya kauce mata. A nan ba a neman ganganci, shi ya sa ta fi sauƙin bi. A shari'arta ta farko, a 2016, an ci tarar wata ƙungiya mai suna St Anne's Community Services fam 190,000, bayan wani mutum ɗan shekara 62 ya faɗo daga kujerar wanka da ba a ɗaure masa ɗamararta daidai ba, wuyansa ya karye, ya rasu. Amma hukuncin tara ne kawai, kuma dole a shigar da ƙara cikin shekara 3 da faruwar abin.

Ba abin da ya nuna wahalar lamarin kamar binciken da 'yan sandan Gwent a kudancin Wales suka fara a 2005, wanda aka sa wa suna Jasmine. An duba mutuwar mutum 63 a gidaje shida, aka kashe fam miliyan 11.6. Masu gabatar da ƙara suka ƙi yarda da tuhumar kisa saboda matsalar danganta mutuwa da sakaci, aka koma tuhumar mai biyu daga cikin gidajen, likita Prana Das, da karya dokar kiyaye lafiya a wurin aiki. Kafin a fara shari'a ɓarayi suka shiga gidansa a 2012 suka ji masa rauni a ƙwaƙwalwa, shari'ar ta wargaje a Maris na 2013, ya rasu a 2020. Sai a 2021 mai binciken musabbabin mutuwa ya bayyana cewa sakaci na da hannu a rasuwar mazauna biyar na Brithdir, ɗaya daga cikin gidajen Das. Iyalansu sun jira wannan kalma sama da shekara 15.

Shaida, da wanda hukunci ke faɗa wa

Wanda aka cuta a gidan kula sau da yawa ba ya iya ba da labari, ko kuma ya rasu kafin a zo kotu. Wata doka ta 1999 ta ba da damar a ɗauki shaidar mai rauni a bidiyo, a kuma sa masa ƙwararren mai shiga tsakani da zai sauƙaƙa masa tambayoyi, amma wannan ba ya amfanar wanda ya manta abin da ya faru da safe. Saura takardu, da abokan aiki, da kyamara. Takardun juyi da na magani kan zama shaida mai kaifi biyu: giɓi a cikinsu na nuna ba a yi aikin ba, cika su da ƙarya kuma na nuna mai sa hannun ya san ya kamata a yi, wanda shi ne ainihin gangancin da kotu ke nema. Iyalai da dama sun kai ga hukunci ne ta hanyar ɓoye ƙaramar kyamara a agogon ɗaki. Ko ita kyamarar ba ta ba da tabbas. A 2019 Panorama ya sake fallasa wani wuri da ɓoyayyar kyamara, Whorlton Hall a gundumar Durham. An gurfanar da mutum tara a ƙarƙashin dokar 2015, a Afrilun 2023 aka sami huɗu da laifi aka sallami biyar, a Janairun 2024 kuma dukkan huɗun suka sami ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

Ga ma'aikaci, hukuncin kotu somin taɓi ne. Doka ta wajabta wa mai gida ya kai sunan wanda ya kora saboda cutar da mai rauni ga hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, ita kuma tana iya sa shi a jerin waɗanda aka haramta wa wannan aiki. Wanda ke cikin jerin ya sake neman aikin kula ya aikata sabon laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 5, haka ma wanda ya ɗauke shi yana sane. Nas kuma majalisar ma'aikatan jinya na iya soke rajistarta ko da kotu ta wanke ta, domin ma'aunin hujjarta bai kai na kotun laifuka tsauri ba.

Wannan ya shafi 'yan Afirka ta Yamma kai tsaye. A shekarar 2021 zuwa 2022 guraben aikin kula da babu kowa a kansu a Ingila sun kai 165,000. A Fabrairun 2022 gwamnati ta buɗe bizar ma'aikatan kula, dubban mutane suka shigo daga Indiya, Najeriya, Zimbabwe da Ghana, kafin a rufe ƙofar ga masu nema daga waje a Yulin 2025. Baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, dokar kan iyaka ta 2007 ta wajabta a kore shi daga ƙasar, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi. Bizarsa kuma a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko shi. Idan ya ga ana barin tsofaffi cikin ƙazanta saboda ƙarancin ma'aikata, gaba kura ce baya sayaki: ya yi magana ya rasa aikin da zamansa a ƙasar ya rataya a kai, ya yi shiru ya sa hannu a takardar da wata rana za a karanta a kotu da sunansa. Dokar 1998 mai kare masu kwarmata bayanai ta hana a kori ma'aikaci don ya kai rahoto ga CQC, kuma Dokar Kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma a Ingila ta yi bincike duk sanda ta sami dalilin zargin ana cutar da baligi mai rauni. Abin da ya fi kare ma'aikaci a gaban alƙali shi ne rubutacciyar shaida mai kwanan wata cewa ya sanar da manaja aikin ya fi ƙarfin waɗanda ke bakin aiki, domin wanda ya yi ta kai kuka da wuya a ce masa bai damu ba.

Game da yawan ma'aikata kuwa, dokar Ingila ba ta ƙayyade mazauna nawa ma'aikaci guda zai kula da su ba, da rana ko da dare. Ƙa'ida ta 18 cikin ƙa'idojin 2014 cewa kawai ta yi a samar da isassun ma'aikata masu horo, ta bar wa mai gida ya auna da kansa. Tana kuma cikin ƙa'idojin da karya su kaɗai ba ya kai gida kotun laifuka. CQC na iya ba da gargaɗi a kanta, ko ta hana gidan karɓar sababbin mazauna, ko ta soke rajistarsa, amma tuhuma sai an danganta ƙarancin da karya wata ƙa'idar daban wadda ta cutar da mazauni ko ta jefa shi cikin babban haɗari.